Yadda Ake Karanta Labarin Hasashe Tare da Littafin Ilimi

A 'yan watannin nan tambaya iri biyu ce ta fi zo mini daga masu karatu. Wani ya ce ya ɗauki labarin da aka gina a duniyar Mars, ya kai shafi na 30 bai san inda aka dosa ba, ya ajiye. Wata kuma ta ce ta karance littafi sukutum a kan sauyin yanayi, bayan mako biyu aka tambaye ta abin da ke ciki, ta rasa ta cewa. Dukansu amsa ɗaya nake ba su: ku haɗa littattafan biyu ku karanta su tare, da littafin rubutu a gefe. Labari yana sa mutum ya damu da tambaya, littafin ilimi kuma yana ba shi ma'aunin da zai auna amsar. In aka raba su, na farko ya kan zama nishaɗin da ke wucewa, na biyu ya zama haddar da ke zubewa.

Abin da nake kira labarin hasashe shi ne ƙagaggen labarin da marubuci ya taɓa wani abu a duniyar da muka sani ya canza shi: labaran kimiyya da sararin samaniya, na aljanu da tsafi, na zamanin da bai zo ba, da na tarihin da aka juya. Littafin ilimi kuwa shi ne wanda ke bayanin abin da yake akwai da gaske, kamar tarihi, kimiyya, tattalin arziki ko rayuwar wani. Ga yadda nake bi, daki-daki.

1. Kayan aiki

Littafin rubutu guda ɗaya mai falle 60 ko 80, irin na 'yan makaranta, da biro biyu, shuɗi da ja, da fensir. Shi ke nan na hannu. Littafin rubutun na wannan aiki ne kaɗai, kada lissafin cefane ko lambar waya su shiga cikinsa.

In a waya za ku karanta, ku sauke manhajar karatu kamar ReadEra ko Moon+ Reader, dukansu suna da nau'in kyauta a Android. Ku nemi littafi a tsarin EPUB, domin rubutun yana daidaita kansa da fuskar waya, kuna iya ƙara girman baƙaƙe. PDF shafi ne da aka daskarar, sai kun yi ta ja da matsewa har ido ya gaji. Labarin da ba hotuna a tsarin EPUB da wuya ya wuce megabait 1 ko 2, wato bai kai bidiyon minti ɗaya cin data ba. Littafin saurare ne mai nauyi: na awa 10 yana iya kaiwa megabait 300, don haka a sauke shi inda akwai wifi ko da datar dare.

Gargaɗi: wayar da kuke karatu a kanta ita ce wayar da saƙon WhatsApp ke shigowa. Ku kashe data kafin ku buɗe littafin. Ku kuma sauke ƙamus da ke aiki ba tare da intanet ba, don kada neman ma'anar kalma ɗaya ta zama hujjar kunna ta.

2. Zaɓen labarin farko

Ku fara da gajere. Gajeren labari mai shafi 15 zuwa 20, ko ƙaramin littafin da bai wuce shafi 150 ba. Kuskuren da ya fi kashe wa sababbin masu karatu gwiwa shi ne farawa da littafi na ɗaya cikin jerin littattafai bakwai, kowanne shafi 700, don kawai an ji ana yabonsa. Irin waɗannan sukan ɓata shafi 100 suna shimfiɗa tabarma kafin a zauna.

Inda ake samu ba tare da kashe kuɗi ba: Project Gutenberg, wani rumbun littattafai da ake shiga ta intanet, wanda aka fara tun 1971, yana da dubban tsofaffin littattafai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma yawancin labaran kimiyya na farko-farko suna ciki. Shafin intanet na LibriVox yana da irinsu a murya. Mujallar Omenana, da aka kafa a Nijeriya a 2014, tana buga gajerun labaran hasashe na marubutan Afirka, ana karanta su kyauta a intanet. In kuna son ma'aunin inganci, ku duba jerin waɗanda suka ci kyautar Nommo, wadda ake bai wa marubutan Afirka tun 2017, ko kyautar Hugo da aka fara a 1953.

Na takarda kuwa, sabon littafi daga waje yana kaiwa dala 15 zuwa 20 tun kafin kuɗin kawo shi, kun san abin da wannan ke nufi a naira ko sefa. Masu sayar da littattafan gwanjo a bakin jami'o'i da manyan kasuwanni sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ku buɗe ƙarshen littafin a gaban mai shi ku tabbatar shafukan ƙarshe suna nan.

Gargaɗi: littafin marubucin da ke raye, musamman namu na Hausa da ke sayar da aikinsu ta waya, ku saya. Wanda aka turo muku kyauta a guruf ba tare da izinin mai shi ba, guminsa ne aka kwasa.

3. Shafi 50 na farko: ku nemo "da a ce"

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a nan.

Kowane labarin hasashe yana tsaye ne a kan jimla ɗaya da ta fara da "da a ce". Da a ce ruwa ya ƙare a gari. Da a ce mutane sun daina mutuwa. Da a ce na'ura ta fara yi wa alƙali hukunci. Da a ce Turawa ba su taɓa zuwa ba. Aikinku na farko shi ne ku tono wannan jimla, ku rubuta ta da jan biro a saman shafin farko na littafin rubutunku. Ba ko yaushe marubuci ke faɗa ba. Yakan ɓoye ta a cikin hira, ko cikin abin da mutanen labarin suka ɗauka ba komai ba ne alhali a wurinmu abin mamaki ne. In yarinya a labari ta je kasuwa ta sayi iskar shaƙa ba ta ko yi ƙorafi ba, to kun samu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai taɓa tsayar da kaka ya ce ta yi masa bayanin yadda gizo ke magana da sarki ba. An ce "ga ta nan, ga ta nanku", mun karɓi dokar wannan duniya, mun bi. Haka za ku yi a nan. Bambancin kawai shi ne marubucin hasashe ya ɗaure kansa da dokar da ya kafa, kuma kuna da damar kama shi in ya karya ta.

Don haka a ƙarƙashin "da a ce" ɗin, ku buɗe jeri uku da shuɗin biro. Na farko sunayen mutane, kowanne da kalma biyu ko uku da za su tuna muku shi. Na biyu baƙin kalmomi da marubucin ya ƙirƙira, da abin da kuke zaton suna nufi, a rubuta zaton da fensir domin zai canza. Na uku dokokin duniyar: me ke yiwuwa, me ba ya yiwuwa, wa ke da iko, kuma me ake biya kafin a samu. Wannan na ƙarshe ku kula da shi sosai. In a labari ana yin tsafi ko ana amfani da wata na'ura ba tare da an rasa komai ba, ba lafiya, ba dukiya, ba mutunci, yawanci labarin ba shi da ƙashi.

Gargaɗi na farko: kada ku tsaya neman kowace baƙuwar kalma a ƙamus. Da yawa ba sa cikin kowane ƙamus, marubucin ne ya ƙera su, kuma da gangan ya bar ku cikin duhu na ɗan lokaci. Ku rubuta, ku wuce. In kalma ta dawo sau uku kuma har yanzu tana hana ku fahimta, sannan ku nema.

Gargaɗi na biyu: kada ku je karanta taƙaitaccen labarin a intanet don ku "gane". Za a faɗa muku ƙarshe a layi na biyu.

In kun kai shafi na 50 kuna da jerin nan uku amma har yanzu ba ku damu da abin da zai sami kowa a labarin ba, ku ajiye shi da zuciya ɗaya ku ɗauki wani. Ba bashi kuka ci ba.

Akwai masu tambayata game da labaran da ke ɗauke da gumaka ko wata irin halitta da ta saɓa wa aƙida. Ni abin da nake yi shi ne in riƙe a raina cewa ƙage ne, in rubuta a jerin dokoki cewa "a wannan duniya sun yarda da kaza". Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, labaran hasashe suna da faɗi, akwai ɗaruruwa da ba su taɓa wannan gefe ba.

4. Nemo masa abokin tafiya

Sai bayan kun sami "da a ce" za ku zaɓi littafin ilimi, domin ita ce za ta nuna muku fannin. Labarin ƙarewar ruwa yana neman littafi a kan fari ko madatsun ruwa. Labarin annoba yana neman tarihin wata annoba ta gaske. Labarin daular da ta rushe yana neman tarihin Songhai ko Borno ko Rum.

Kafin ku ba littafi makonninku, ku ba shi minti 15 na bincike. Ku duba shekarar da aka buga shi. A tarihi tsohon littafi yana iya amfani, amma a fannin kwamfuta ko ilimin ƙwayoyin gado, littafin da ya shekara 15 ya riga ya tsufa a wurare da yawa. Ku duba wane ne marubucin, kuma me ya haɗa shi da fannin. Ku juya ƙarshe ku ga ko ya nuna inda ya samo bayanansa. Sannan ku karanta jerin babobi da gabatarwa.

Gargaɗi: ku yi hattara da littafin da ya ce ya gano sirrin da duk masana suka ɓoye, ko wanda ke bayyana komai na duniya da dalili guda. Irinsu sun fi daɗin karatu, sun kuma fi ɓatar da mutum.

Ba dole sai littafi cikakke ba. Babi biyu masu kyau daga ɗakin karatu sun isa a zagayen farko. Wanda ke Kano yana da ɗakin karatu na Murtala Muhammed, ɗaliban Zariya suna da na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello.

5. Rabon lokaci

Littafin ilimi da safe, lokacin da kai ke sabo, shafi 10. Labari da dare, shafi 20. Da wannan lissafi labari mai shafi 300 zai ƙare a kwana 15, kuma a daidai lokacin kun ci shafi 150 na ɗayan. Kada ku juya tsarin: littafin ilimi bayan sallar isha'i barci yake kawowa.

6. Yadda ake cin littafin ilimi

Ba a karanta shi kamar labari. Labari daga farko ake bi zuwa ƙarshe, shi kuwa wannan ana zagaya shi. A kowane babi ku fara karanta sakin layi na farko da na ƙarshe, ku ga abin da marubucin ya yi alkawari da abin da ya ce ya tabbatar. Sannan ku koma ku bi tsakiya kuna duba ko ya cika alkawarin.

Idan babi ya ƙare, ku rufe littafin. Wannan rufewar ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ku rubuta abu uku daga ka, da Hausa, ko da littafin na Turanci ne ko Faransanci ko Larabci: me ya ce, da wace hujja, kuma me bai gamsar da ni ba. In kun kasa mayar da magana zuwa Hausa, ba ku gane ta ba tukuna, kalmomin kawai kuka riƙe. Bayan kun rubuta, ku buɗe ku gyara da jan biro, ku sa lambar shafi kusa da kowane adadi ko shekara.

Gargaɗi: ja wa layi layi ba karatu ba ne. Na sha ganin littafi da aka shafe rabinsa da alƙalami mai launi, mai shi kuma bai iya faɗin jigonsa ba. Kada ku wuce layi biyu ko uku a shafi, kuma in littafin aro ne, kada ku taɓa shi da biro sam.

Haka nan ku rarrabe abu uku da marubuta kan cakuɗa: abin da aka auna, abin da aka yi kirdado, da ra'ayin mai littafin. Ni nakan sa harafi a gefe da fensir, A don aunawa, K don kirdado, R don ra'ayi. Za ku yi mamakin yawan R a wasu littattafan da ke magana da muryar tabbas.

7. Gwama su

Wannan shi ne inda wahalar ke biya. Ku buɗe shafi biyu masu kallon juna. A hagu ku rubuta abin da labari ya ce, a dama abin da littafin ilimi ya ce a kan wannan batu.

A ce labarinku a Mars yake. A dama za ku sami cewa yini ɗaya a can awa 24 ne da minti 39, shekara kuma kwana 687 na duniyarmu, kuma nauyin mutum yana komawa kusan kashi 38 cikin 100 na yadda yake a nan. Na'urar Perseverance, wadda aka aika don binciken Mars, ta tashi daga duniyarmu a Yulin 2020, ba ta sauka ba sai Fabrairun 2021. Saƙon rediyo tsakanin duniyoyin biyu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon nisansu a lokacin. Yanzu ku koma hagu. In jarumin labarin yana hira da mahaifiyarsa ta waya, tana faɗa yana amsawa nan take, to ko dai marubucin ya ƙirƙiri wata na'ura ya sanar da ku, ko ya yi sakaci. In kuwa ya sa jarumin ya aika gaisuwa ya zauna minti 40 yana jiran amsa, ku lura da abin da wannan jira ya yi wa zumuncinsu. Sau da yawa nan zuciyar labarin take.

Ko a ce labarin na garin da ruwa ya ƙafe ne, inda mutane suka koma kashe juna a kan jarka ɗaya. A dama ku sa Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Yawancin ruwansa daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, ta kudu, kaɗan ne ke bi ta Komadugu Yobe, wanda ruwan Haɗejiya da Jama'are ke ciyarwa, kuma an gina madatsar Tiga a kan wannan hanya a 1974. To me mutanen bakin tafkin suka yi? An sha wuya, an yi rikici a kan filaye da wuraren kamun kifi. Amma da yawa daga masunta sun bi ruwan inda ya ja, wasu suka koma noman masara da wake a ƙasar da tafkin ya bari, mai danshi da albarka. Tafkin kansa bai ci gaba da raguwa a miƙe ba, yana cika yana ja gwargwadon damina. Da wannan a hannu za ku iya tambayar labarin: me ya sa mutanenka ba su yi ƙaura ba, ba su canza sana'a ba, ba su da maigari ko limami ko dattijon da zai raba ruwa? Wataƙila marubucin yana da amsa mai kyau. Wataƙila kuma bai taɓa zama inda ake layin rijiya ba.

Gargaɗi mai muhimmanci: gwamawar ba farautar kuskure ba ce. Labarin hasashe ba duba ba ne, kuma ba a auna shi da ko abin da ya faɗa ya faru. Mafi yawan masu rubuta labarin shekara 200 nan gaba, zamaninsu suke yi wa hannunka mai sanda. Saboda haka ku duba shekarar da aka rubuta labarin, ku tambayi kanku me ke tsorata mutane a lokacin. Labaran da aka rubuta a Amurka da Ingila a shekarun 1950 cike suke da bam ɗin nukiliya, domin ba a daɗe da jefa shi a birnin Hiroshima na Japan ba. Na yanzu cike suke da ɗumamar yanayi da ƙirƙirarriyar basira.

Ku bar ƙofa a buɗe ta ɗaya gefen ma. Wani lokaci labarin ne ke kama littafin ilimi da laifi: littafin ya ba ku adadin waɗanda fari ya kora, labarin ya tuna muku cewa ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

8. Shafi ɗaya, bayan kwana uku

Kada ku rubuta ra'ayinku ranar da kuka gama. A ranar ƙarshen labarin ne kawai ke kanku. Ku bari kwana uku su wuce, sannan ku cika shafi ɗaya, kada ya wuce, kuna amsa waɗannan: mece ce "da a ce" ɗin, kuma marubucin ya bi ta har ƙarshe ko ya tsorata a hanya? Wa ya ci riba a wannan duniya, wa ya biya? Wane abu ɗaya na yarda da shi kafin in fara wanda yanzu nake shakka? Wace tambaya ce littattafan biyu suka bar ni da ita?

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne sake ba da labarin daga farko: wane ya tafi, wance ta mutu. Wannan taƙaitawa ce. In jimlolinku duk sun fara da "sai", ku tsaya ku sake. Ku nemi jimlolin da ke da "domin" da "amma" a cikinsu.

9. Ku faɗa wa wani, ku ɗauki na gaba

Ku sami mutum ɗaya da bai karanta ba, ƙani ko abokiyar zama ko abokin shago, ku ba shi bayanin cikin minti 5 ba tare da duba takarda ba. Inda ya ce "ban gane ba", ku sa alama, nan ne ku ma ba ku gama ganewa ba. In ku uku ne ko huɗu masu sha'awa, ku raba kuɗin littafin takarda ɗaya ku riƙa zagayawa da shi, kowa mako biyu, amma kowa da littafin rubutunsa, kuma kada wanda ya riga ya gama ya buɗe baki sai na ƙarshe ya kai.

Bayan wata ɗaya ku koma shafin nan guda ku sake karantawa, ku ƙara layi biyu da jan biro a ƙasa, da kwanan wata. Tambayar da kuka rubuta a ƙarshen shafin ita za ku ɗauka zuwa wurin mai gwanjo ko ɗakin karatu. A wannan zagaye na biyu ku juya tsarin: ku fara zaɓen littafin ilimi da zai amsa ta, sannan ku nemo labarin da ya ɗauki wannan batu ya ce "da a ce".